Wa ke gyara kuskuren malamin bidiyo?

A shekarar 2008 YouTube ya ba masu bidiyo damar manna rubutu a kan hoto. Makaniken da masu kallo suka nuna wa kuskurensa sai ya manna gyara daidai wurin. A 2019 aka share rubuce-rubucen duka, tsofaffin bidiyo suka zauna da kurakuransu ba gyara. A 2021 aka ɓoye adadin waɗanda suka ƙi bidiyo, alamar da ke gargaɗin mai koyo. Sai a 2022 aka fito da sabuwar hanyar gyara.

Iyaye da malamai, ƴaƴanmu masu koyon haɗa lantarki a salula na iya faɗawa kan bidiyon da gyaransa ya ɓace. Mu koya musu tambayar maigidansu a wurin aiki kafin su taɓa wuta.