Tablet da Linzami: Gardamar da Ta Girmi Yawancinmu



Duk lokacin da aka koma lakwal, tambaya guda ce ke yawo tsakanin iyaye da ɗalibai da ƙananan ƴan kasuwa: in kuɗin da ke hannu ba su kai na kwamfuta ba, tablet za ta iya aikin? Mai tambayar ba kallon bidiyo yake nufi ba. Yana nufin buga memuwar ta ƙarshen karatu, ko takardar neman aiki, ko riƙe lissafin shago a Excel. Amsar kuwa ta rataya a kan wani ɗan abu da ke cika tafin hannu, wanda masu Faransanci ke ce ma suri, wato kusu, maƙwabtanmu na Najeriya kuma su ce maus ko linzami. Mu ma linzami za mu ce a nan. Shin ya kamata tablet ta karɓi linzami, ko yatsa ya wadatar? Manyan kamfanonin duniya sun daɗe suna wannan gardama, an yi asarar dukiya mai yawa a kanta, kuma sanin yadda ta ƙare zai iya tsare mana ƴan jikkunanmu.

Mu fara daga tushe. A shekarar 1964, a wata cibiyar bincike mai suna SRI da ke jihar Kalifoniya a Amurka, wani injiniya mai suna Douglas Engelbart da abokin aikinsa Bill English suka ƙera linzami na farko. Ɗan akwatin katako ne, da ƙafafu biyu masu juyawa a ƙarƙashi, da maɓalli ɗaya a sama. Wayar da ta fito masa kamar wutsiya ita ta sa aka ce masa kusu. A lokacin akwai wasu hanyoyin nuna abu a fuskar kwamfuta, har da wani alƙalami mai aiki da haske da ake ɗorawa kai tsaye a kan gilashi, da kuma wata na'ura da ake turawa da gwiwa. Suka gwada su duka a kan aikin zaɓar rubutu, linzami ya yi fice. Alƙalamin nan yana da sauƙin ganewa, amma sai ka ɗauke shi, ka ɗaga hannu zuwa gilashi, ka ajiye, ka koma kan kilabiye. Linzami kuwa yana nan kwance a tebur kusa da hannu. Kun ga ke nan, gardamar taɓa gilashi da ja a tebur ta fara tun kafin a haifi yawancinmu.

Ranar 9 ga Disamba 1968, Engelbart ya nuna linzaminsa a gaban mutum kusan 1,000 a birnin San Faransisko. Daga baya wasu daga cikin mutanensa suka koma kamfanin Xerox, inda aka ƙera kwamfutar Alto a 1973 da linzami mai maɓalli uku. A can ne kuma, a 1978, wani mai bincike Stuart Card da abokansa suka sake yin gwaji, suka tabbatar cewa wajen zaɓar kalma a cikin rubutu linzami ya fi maɓallan kibiya sauri.

A Disamba 1979 Steve Jobs na kamfanin Apple ya ziyarci cibiyar Xerox, ya ga abin, ya kwaɗaita. Sakamakon shi ne kwamfutar Lisa a 1983, wadda tsadarta ta hana ta kasuwa, sai Macintosh a Janairu 1984 a kan dalar Amurka 2,495. Ku riƙe wannan da kyau: kilabiyen Macintosh na farko ba shi da maɓallan kibiya ko ɗaya. An cire su da gangan don a tilasta wa mutane kama linzami. Kamfanin da zai zo ya hana linzami a tablet daga baya, shi ne wanda ya fi kowa tura shi a hannun jama'a.

Microsoft ma ya fitar da nasa linzamin a 1983. A 1990 ya saka wasan karta na Solitaire a cikin Windows 3.0, kuma wasan ya koya wa miliyoyin mutane yadda ake danna abu a ja shi a sake. Waɗanda suka yi zamanin siber a garuruwanmu, ko suka shiga biro a shekarun 2000, sun san wasan nan sarai. Sun kuma san wahalar tsohon linzami mai ƙwallo a ciki, wanda ƙurar hunturu ke toshewa har sai an buɗe an kankare. Linzami mai jan haske a ƙasa, wanda ya bazu daga 1999, shi ya raba mu da wannan aiki.

To ita tablet fa? Ita ma ba jiya ta fara ba. Apple ya fitar da Newton a 1993, wata ƴar na'ura da ake rubutu a kanta da alƙalami. Ba ta iya karanta rubutun hannu da kyau ba, aka dakatar da ita a 1998. A 2001 Bill Gates ya yi hasashen cewa cikin shekara biyar tablet za ta zama nau'in kwamfutar da aka fi saye a Amurka, kuma a Nuwamba 2002 Microsoft ya fitar da Windows XP na tablet. Hasashen bai tabbata ba. Na'urorin suna da nauyi da tsada, batirinsu ba ya jimawa, sannan babban aibin shi ne an ɗauko Windows da aka tsara don linzami, mai ƙananan maɓallai, aka ce mutane su riƙa cakar su da alƙalami. Wannan shi ne karo na farko da aka so a sa kayan aiki guda ya yi komai, kasuwa ta ƙi.

A Janairu 2007 aka gabatar da iPhone, Jobs ya yi wa alƙalami ba'a a bainar jama'a, yana cewa kowa da yatsunsa aka haife shi. Ranar 27 ga Janairu 2010 ya gabatar da iPad a kan dala 499. Wannan karon an tsara komai don yatsa tun daga tushe, maɓallai manya, babu kibiya a gilashi. Cikin wata tara an sayar da kusan miliyan 15. Akwai kilabiye da ake iya jona mata tun ranar farko, amma linzami babu. Hujjar da ake bayarwa ita ce, in aka bar linzami ya shigo, masu rubuta manhaja za su koma yin ƙananan maɓallai, tablet ta lalace kamar ta Microsoft. Hujja ce mai ƙarfi, kuma mu shaida ne a kanta. Da yawa daga cikin iyayenmu da ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba, yau suna aika saƙon murya a WhatsApp ba tare da kowa ya koya masu ba, saboda yatsa ba ya buƙatar darasi.

Sai dai a Oktoban wannan shekara ta 2010, da aka zo batun me ya sa kwamfutocin Mac ba su da gilashin taɓawa, Jobs da bakinsa ya bayyana cewa sun gwada, kuma gilashin da ke tsaye ba ya son taɓi, domin hannu yana gajiya cikin ɗan lokaci. Wannan kuwa shi ne daidai halin da mai tablet ke shiga da zarar ya jingina ta a tebur ya jona kilabiye. Ya buga layi biyu, ya ga ya tsallake harafi, sai ya ɗaga hannu zuwa gilashi. Kan yatsa faɗi gare shi, shi ya sa kamfanoni ke ba da shawarar kada abin taɓawa ya gaza milimita 7 zuwa 9. Tsakanin harafi da harafi kuwa bai kai haka ba ko kusa. Ga shi yatsan yana rufe wurin da ake son gani. Wanda zai gyara shafi 60 na memuwar, ko ya cika ɗaruruwan gidaje a Excel, zai yi wannan ɗaga hannu sau ba adadi.

Google bai tsaya jayayya ba. A Mayu 2011, Android 3.1 ya buɗe wa tablet ƙofar karɓar linzami da kilabiye ta USB, kuma a wannan shekarar kamfanin Asus ya fitar da Transformer, tablet mai haɗuwa da kilabiye ta zama kamar kwamfutar cinya. Tun daga nan ne yawancin na'urorin Android, har da wayoyin da ke aljihunmu, ke nuna kibiya in an jona masu linzami. Masu gyaran waya a kasuwanninmu sun san wannan dabara: in gilashi ya fashe ya daina jin taɓi, sai a jona linzami ta OTG a buɗe wayar a kwashe hotuna da lambobi.

Microsoft kuma sai ya faɗa ɗaya ramin. A Oktoba 2012 ya fitar da Windows 8 tare da tablet ɗinsa Surface. Ya cire maɓallin Start da mutane suka saba da shi tun 1995, ya cika fuskar kwamfuta da manyan murabba'ai na yatsa, har ga ma'aikacin da ke zaune da linzami a biro. Jama'a suka yi ca. A Yuli 2013 kamfanin ya bayyana asarar kusan dala miliyan 900 a kan Surface RT da suka ƙi sayuwa. A Oktoba 2013 aka dawo da maɓallin, a Yuli 2015 Windows 10 ya dawo da jerin Start. Karo na biyu ke nan da aka so a tilasta hanya guda, aka dawo baya. Abin da ya rayu daga wannan faɗuwa shi ne Surface Pro, wadda ke karɓar yatsa da alƙalami da linzami, kowanne a inda ya dace.

Apple ne ya fi daɗewa a kan bakansa. A 2015 ya fitar da iPad Pro da kilabiye, har da alƙalamin da aka taɓa yi wa dariya, ya ce za ta iya maye gurbin kwamfuta, amma linzami shiru. A 2019 ya bar shi ya shigo ta ƙofar baya, a cikin saitin da aka tanada don masu lalurar jiki. Sai a Maris 2020, shekara goma bayan iPad ta farko, iPadOS 13.4 ya karɓi linzami sosai. Ko a nan ma ba kibiya suka sa ba, wani ɗan da'ira ne mai kama da kan yatsa. A 2025, da iPadOS 26, da'irar ta koma kibiya mai tsini, aka kuma ƙara tagogi da ake iya ja a jera kamar na kwamfuta. Karo na uku ke nan.

To me wannan tarihi ke gaya mana? Yatsa ya fi dacewa da karatu, da kallo, da cika fom a tsaye. Shi ya sa masu anket da ke shiga ƙauyuka da tablet ba sa neman linzami, kuma da an ba su ma kaya ne kawai. Amma aikin zama, na dogon rubutu da gyara da lissafi, linzami yake so, kamar yadda gwajin shekarun 1960 ya nuna tun farko. Saboda haka matsayinmu shi ne: e, ya kamata tablet ta karɓi linzami, a matsayin zaɓi, ba tare da an ƙwace wa yatsa aikinsa ba. A ƙasa irin tamu abin ya wuce son jin daɗi. Tablet tana jimawa da caji fiye da tsohuwar kwamfutar cinya da batirinta ya gaji, kuma ƙaramin faifan sola ya isa ya cika ta in an ɗauke kuran. In na'ura guda gida zai iya saye, to gara ta zama mai yin aiki biyu.

Sai dai kada murna ta kwashe mu. Linzami ba ya mai da tablet kwamfuta. Word da Excel na tablet ba su kai na kwamfuta cika ba, akwai abubuwan tsara shafi da na lissafi mai zurfi da babu su a ciki. Ɗalibin da sashensa ke buƙatar manhajar da Windows kaɗai ke ɗauka, kamar wasu na zanen gini ko na ƙididdiga, ya nemi kwamfuta ko da ta hannu ce. Ya tambayi malamansa kafin iyayensa su fitar da kuɗi.

Wanda kuma ya yanke shawarar sayen tablet, ya je shago da linzami a aljihu. A jona a gabansa, ta Bluetooth ko ta OTG, ya ga kibiya ta fito tana tafiya, domin wasu masu araha ba sa karɓar OTG. Ya gwada zaɓar jimla guda a cikin rubutu. Ya duba kilabiyen da za a haɗa masa: kayan da ke shigo mana ta Kano da Katsina yawanci QWERTY ne, mu kuwa a AZERTY aka koya mana, kuma mai rubuta Faransanci yana buƙatar é da è da ç. Ana iya canza tsarin a saiti, amma abin da ke rubuce a kan maɓallan ba zai canza ba. Mai rubuta Hausa shi ma ya gwada ko zai samu ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kafin ya biya. Gani ya kori ji.

Masu shagunan buga takardu, da malamai, da ɗaliban da suka riga suka yi memuwar a tablet, muna jiran ku a ƙasa. Ku gaya mana inda ta yi maku aiki da inda ta gaza, don na baya su amfana. Allah ya sa albarka a abin da za a saya, ya ba yaranmu sa'ar karatu.