Wane Madabod Ne Ya Dace da Ƙure Gudun Kwamfuta a Kafinsoli?

Duk matashin da ya ƙudura haɗa kwamfutar tebur da hannunsa, ko a Kafinsoli yake ko a Kusada, tambayar da yake fara yi ita ce ta suna: ASUS ko Gigabyte, MSI ko ASRock? Tambayar kan ƙara zafi idan yana da niyyar ƙure gudu, wato tilasta wa furosesa ta yi aiki da saurin da ya zarce wanda kamfanin da ya ƙera ta ya yanke mata. Hujjar wannan nazari ita ce sunan kamfani shi ne mafi raunin ma'auni a cikin ma'aunan da ake da su, kuma a yankin Kankiya, inda Kafinsoli take, zafin ɗaki da halin wutar lantarki sun riga sun yanke rabin hukuncin tun kafin a buɗe kwali.

Madabod shi ne babban allon da furosesa da ram da katin hoto da ma'ajiya suke zaune a kansa. A 'yan shekarun da suka gabaci 2000, zaɓensa yana da tasiri ƙwarai. A 1998 Intel ta fitar da Celeron 300A, furosesa mai araha da ke gudun megahaz 300. Masu sha'awa suka gano cewa idan aka ɗaga saurin hanyar da ke haɗa ta da allo daga 66 zuwa 100, sai ta koma 450, ta kamo Pentium II mai tsada. Allon da ya yi suna a wannan aiki shi ne BH6 na kamfanin Abit, domin yana bari a sauya saurin daga cikin BIOS, ba sai an buɗe akwati ana matsar da ƙananan maɓallai ba. Ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kyauta ba ƙaramin abu ba ne, kuma a wancan zamani kamfani ɗaya yana iya mallakar dabarar da sauran ba su da ita. Abit ɗin ta bar kasuwar madabod a ƙarshen 2008. DFI, wadda allunanta na LANParty suka yi tashe bayanta, ita ma ta janye ta koma ƙera allunan masana'antu. Waɗanda suka rage su ne manyan kamfanonin Taiwan huɗu: Gigabyte da MSI da aka kafa a 1986, ASUS a 1989, da ASRock da ta ɓalle daga ASUS a 2002.

Abin da ya sauya lissafin shi ne Intel da AMD sun karɓe ikon daga hannun masu ƙera allo. Daga 2011, da fitowar Core i5-2500K, Intel ta tsayar da doka: ba a ƙure gudu sai da furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarta, a kan allo mai cifset ɗin da aka yarje wa, wanda a yau yake nufin jerin Z. Allon jerin H, komai girman sunan da ke jikinsa, ba ya buɗe wannan ƙofa. AMD ta fi sassauci tun da ta kawo Ryzen a 2017: kusan duk furosesocinta a buɗe suke, allunan jerin B da X suna yarda, jerin A ne kawai aka rufe. Saboda haka allon ASUS mai cifset H610 ba zai yi abin da allon ASRock mai Z690 zai yi ba, ko da mai shago ya rantse cewa ASUS ce sarauniya. Harafin cifset ya riga sunan kamfani.

Bayan cifset sai sashen da ya fi kowane muhimmanci, wanda ake kira VRM. Shi ne jerin ƙananan na'urorin da ke kewaye da mazaunin furosesa, kuma aikinsa shi ne karɓar bolt 12 daga akwatin wuta ya sauke shi zuwa bolt ɗaya da 'yan kai. Lissafin nan yana da ban tsoro idan aka zauna aka yi shi. Furosesar da ke shan wat 200 a kan bolt 1.25 tana jan amfiya 160, ta cikin wani fili da bai kai tafin hannu ba. Kowane ɓangare na VRM yana zubar da wani kaso na wutar a matsayin zafi, kuma idan ya yi zafi fiye da kima, allon da kansa zai rage wa furosesa gudu don ya tsira. A nan ne alluna suke bambanta da gaske: yawan matakan wutar, ƙarfin kowane mataki, da nauyin ƙarfen da aka ɗora musu don kwashe zafi. Kowane ɗaya daga kamfanonin huɗu yana da allo mai VRM na kirki, kuma kowannensu yana da mai araha wanda aka tsuke wa wannan sashe. A zamanin cifset B450, allon Tomahawk na MSI ya yi suna saboda VRM ɗinsa. Da aka zo X570 a 2019, ƙananan allunan MSI ɗin ne masu gwaji suka fi kuka da zafinsu. Kamfani ɗaya, shekara ɗaya tsakani. Akwai kuma wayon talla, inda ake ƙirga matakan da aka ninka a rubuta babban adadi a kwali, don haka adadin shi kaɗai ba hujja ba ne.

Yanzu a kawo maganar gida. Zafin da furosesa ke fitarwa yana tafiya daidai da gudunta, amma yana tafiya da murabba'in bolt. Idan aka ƙara gudu da kashi 10 cikin ɗari, kuma hakan ya buƙaci ɗaga bolt daga 1.20 zuwa 1.35, zafin zai ƙaru da kusan kashi 39. Fanka kuwa ba ta san wani adadi na dindindin ba. Abin da take iya yi shi ne riƙe furosesa a wata tazara sama da zafin iskar ɗaki. Masu gwajin alluna a Turai da Amurka da Taiwan suna aiki ne a ɗakunan da ke tsakanin digiri 21 zuwa 25. A tsakiyar jihar Katsina, daga Maris zuwa Mayu, rana takan kai digiri 40 a inuwa, shagon da aka rufa da kwano babu silin kuma ya fi haka. Na'urar da ta nuna digiri 80 a ɗaki mai 22 za ta nuna kusan 98 a ɗaki mai 40, alhali furosesocin Intel suna fara ja da baya a wajen 100, Ryzen na zamani kuma a 95. Ma'ana, ratar da mai ƙure gudu a Jamus yake ci, bazara ta riga ta cinye ta a Kafinsoli. Wannan kamar a ɗora wa jaki ƙarin buhu ne a tsakar rana bisa hujjar cewa da asuba ya ɗauka lafiya.

Hunturu yana sauko da zafin, har da asuba a ji sanyi na ratsa jiki, sai dai yana zuwa da nasa haraji. Ƙurar da ke shigowa daga Disamba zuwa Fabrairu tana toshe tsakanin siraran ƙarafan fanka, ta kwanta a kan VRM. Busasshiyar iskar kuma tana tara wutar jiki, irin wadda ke tartsatsi idan an taɓa ƙarfe, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe allo a hannun wanda ya buɗe akwati ba tare da ya fara taɓa jikin ƙarfen ba. Saitin da aka gwada a Janairu aka ga ya zauna daram, ba a san gaskiyarsa ba sai Afrilu ta zo.

Sai wuta. Yankin yana ƙarƙashin KEDCO, mai raba lantarki a Kano da Katsina da Jigawa, kuma duk mai shagon buga takardu ko cajin waya ya san rayuwarsa tana tsakanin wutar Nefa da janareta da sola. Akwai kuskuren fahimta a nan da ya kamata a warware. Madabod ba ya ganin bolt 230 na bango. Akwatin wuta ne ke karɓarsa ya mayar da shi 12 da 5 da 3.3. Idan wuta ta yi ƙasa ko janareta ya yi tari, akwatin ne ke shan bugun farko, kuma idan na banza ne, ya miƙa wa allo bugun. Mutumin da ya zuba kuɗinsa a allon ROG na ASUS mai fitilu ya haɗa shi da akwatin wuta mara suna ya juya tsarin kashe kuɗinsa. Kafasitocin da ke cikin akwatin suna bin wata sananniyar ƙa'ida: duk ƙarin digiri 10 yana rage tsawon ransu da kusan rabi. Ga mai sola kuma kowane wat lissafi ne. Ƙarin wat 60 na tsawon awa 8 ya kusa rabin kilowat-awa a rana, kuma daga batir zai fito.

Wurin da yanayin wutarmu ya sa wata siffa ta allo ta zama tilas shi ne sabunta BIOS. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, allo na iya mutuwa murus. Gigabyte ta daɗe tana sa BIOS biyu a allunanta da yawa, ɗaya ya ceci ɗaya. ASUS tana da BIOS FlashBack, MSI da ASRock suna da irinsa, Gigabyte kuma tana da Q-Flash Plus: maɓalli ne a bayan allo da ke sake rubuta BIOS daga filas ko da kwamfutar ta ƙi tashi. Ba duk samfuri ke da shi ba. A ganina, ga mai zama nesa da masu gyaran Kano, wannan maɓalli ya fi ƙarin matakan VRM biyu daraja.

Wani zai ce ai manyan sunaye sun fi aminci. Abin da ya faru a shekarun nan bai goyi bayansa ba. A Afrilun 2023 aka fara ganin furosesocin Ryzen 7000X3D suna ƙonewa a mazauninsu saboda bolt ɗin da wasu alluna ke turawa wani sashe nasu ya yi yawa, har AMD ta ƙayyade shi a 1.3 ta hanyar sabon BIOS. A 2024 kuma furosesocin Intel na ƙarni na 13 da na 14 suka riƙa lalacewa a hankali. Intel ta amsa cewa akwai kuskure a umarnin da ke cikin furosesar mai sa ta nemi bolt fiye da kima, ta fitar da gyara a Agusta da Satumba, ta ƙara shekara biyu a garanti, sannan ta nemi masu alluna su koma kan saitinta, domin da yawansu suna sakin iyakar wuta tun daga masana'anta don allonsu ya yi fice a gwaji. Darasin fasaha a nan shi ne allo mai tsada yakan zo a ƙure tun kafin mai shi ya taɓa komai. Kuma garantin da ya share hawayen mai saye a Amurka da wuya ya iso ga wanda ya sayi kayansa a Titin Beirut ko Farm Centre a Kano, ko aka aiko masa daga Computer Village ta Ikeja, inda garantin yakan tsaya ga 'yan kwanakin gwaji da mai shago ya bayar da baki.

Kasuwar ma tana da nata hukunci. Mafi yawan kwamfutocin tebur da ke shigowa arewa na hannu ne, Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre da ofisoshin Turai suka sallama. Irinsu ne suka cika shagunan buga takardu da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015. BIOS ɗinsu a kulle yake, kuma da yawansu suna da mahaɗar wuta ta musamman da ba ta karɓar akwatin kasuwa. Ba a ƙure su, kuma wannan ba aibi ba ne ga aikin da aka saye su dominsa. Akwai kuma allunan X79 da X99 na Sin, irin su Huananzhi da Machinist, da ake haɗawa da tsofaffin furosesocin Xeon. Suna da arha, suna ba da cibiyoyin aiki masu yawa, amma yawancin Xeon a kulle suke, ingancin VRM ɗin allunan kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya.

To me ake samu idan an yi nasara? A zamanin 2500K, daga gigahaz 3.3 zuwa 4.5 abu ne da aka saba gani. Furosesar yau tana ƙure kanta da kanta: tana duba zafi da wuta, ta hau iyakar abin da za ta iya, ta sauko idan ta ji zafi. Abin da ya rage wa mai saiti da hannu kaɗan ne, sau da yawa ba ya jin sa sai a manhajar awo. Tarihin da aka kafa a Disamban 2022, lokacin da Core i9-13900K ta haye gigahaz 9 a kan allon ROG Maximus Z790 Apex, an yi shi ne da ruwan iskar hiliyam, na ɗan lokaci kaɗan. Wasa ne na gwanaye, kuma talla ce, ba shaida ba ce kan abin da allon ASUS mai araha zai yi a shagon Kankiya.

Hukuncin da nazarin ya kai gare shi yana iya zama baƙo: allon da aka ƙera don ƙure gudu yana da amfani a nan, amma don akasin abin da aka ƙera shi dominsa. VRM ɗin da aka shirya wa wat 250, idan aka ɗora masa furosesa mai wat 65 ko 105, zai yi aiki a sanyaye ko a tsakiyar bazara. BIOS ɗin da ke bari a ɗaga bolt shi ne kuma ke bari a sauke shi. Saukewa daga 1.25 zuwa 1.15 tana rage zafi da kusan kashi 15, kuma tunda furosesar zamani tana hawa ne gwargwadon sanyinta, sau da yawa gudun ma ƙaruwa yake. A wajen AMD ana yin haka da Curve Optimizer daga Ryzen 5000 zuwa sama, ko a kunna Eco Mode. Ƙurewar da ta cancanci wahala ita ce ta ram, ta hanyar XMP ko EXPO, domin zafinta kaɗan ne, kuma Intel ta buɗe ta ga allunan jerin B tun daga B560 a 2021. Ga mai haɗa bidiyon biki ko zanen fosta a Kafinsoli, allon B450 ko B550 mai ƙarfe a kan VRM da maɓallin ceton BIOS, daga kowane cikin kamfanonin huɗu, ya wadatar, kuma mazauninsu na AM4 yana karɓar furosesoci daga Ryzen na 2017 har zuwa jerin 5000 idan cifset da BIOS sun dace.

Idan na hannu za a saya, a cire furosesa a duba mazaunin da fitilar waya: a allunan Intel da na AMD masu mazaunin AM5 siraran filoli suna jikin allo ne, kuma guda ɗaya da ya lanƙwashe yana iya kashe ramin ram. A duba bayan allo daidai saitin VRM, inda launin da ya koma ruwan ƙasa ke nuna ya sha zafi a hannun mai shi na farko. A sa ram a kowane rami a ga ya karanta. Gwajin nauyi kuma, da Cinebench ko OCCT ana kallon zafi a HWiNFO, a yi shi tsakanin azahar da la'asar, akwati a rufe, a kan irin wutar da za a riƙa aiki da ita.