Samaru da Birni: Haɗakar Zane da Ba Ta Kammala Ba a Zariya

Duk mai nazarin yadda ake gwama fasahar zane ta gida da ta Turai zai iya farawa da ƙasar Sin, musamman da Lin Fengmian. An haife shi a 1900 a lardin Guangdong, a gidan masu sassaƙa dutse. Ya tafi Faransa a 1919, ya yi karatu a Dijon da Paris, sannan a 1928 ya kafa makarantar zane ta Hangzhou, inda Zao Wou-Ki da Wu Guanzhong suka yi karatu. Tawada da takardar kakanninsa ya riƙe, ya zuba musu launi da tsarin Turawa. Hakan ya jawo masa wahala. A zamanin juyin al'adu na Mao, da hannunsa ya jiƙa zane-zanensa har suka narke don kada a kama shi da su, kuma duk da haka ya shafe sama da shekara huɗu a kurkuku. Ya rasu a Hong Kong a 1991.

Irin wannan yunƙuri ya faru a Zariya. A 1958 wasu ɗaliban Kwalejin Fasaha da Kimiyya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar da ake yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Manufarsu ita ce a karɓi dabarun da malaman Ingila ke koyarwa, a ɗora su kan gadon gida. Okeke ya koma ga uli, zanen jiki da bango na matan Ibo, wanda mahaifiyarsa ta iya, daga baya ya gina sashen zane na jami'ar Nsukka a kansa. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo.

Kowa ya koma gidan ubansa ke nan. A ganina nan giɓin yake: garin da ya ba ƙungiyar suna bai zama tushen fasaharta ba. Tsakanin Samaru, inda kwalejin take, da ganuwar birni tafiya ce kaɗan, kuma a cikin birnin akwai masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da dagi a fuskar zaure, da aska takwas a ƙirjin riga, da zayyanar allon sauka. An zana mahaya dawaki da masu algaita, gaskiya ne, amma zana Bahaushe daban, yin zane da ƙa'idar Bahaushe daban.

Akan ce dalili shi ne addini, wai Musulmi na ƙyamar surar mai rai. Wannan hujja ba ta gamsar ba. Ibrahim El-Salahi, ɗan malamin allo daga Omdurman, ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan a shekarun 1950, ya koma Sudan ya tarar jama'a ba su damu da zanensa na Turai ba. Sai ya juya ga harafin Larabci da adon allo, kuma wannan aiki ne ya kai shi baje koli na musamman a Tate Modern a 2013. Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne rabon ilimi. Lin ya gaji buroshi da tawada tun yana yaro, kuma masu ilimin ƙasarsa na girmama su. A Arewa kuwa boko ya raba ɗalibai da masu sana'a. Yawancin waɗanda suka shiga ajin zane 'yan Kudu ne, yayin da magini da maɗinki da mai zayyana ke koyon aiki a gaban uba ko maigida, ba wanda ya kira su aji su koyar.

Abin lura kuma, su waɗannan masu sana'a sun daɗe suna gwamawa ba tare da sun rubuta wata manufa ba. Takardar nan mai tambarin wata uku, wadda malaman Kano suka yi rubutu a kanta a ƙarni na 19, a Italiya ake yin ta. Ayari ke ɗauko ta daga Tarabulus, ya ratsa Fezzan ta Murzuk ko Gat. Takarda ta Turai, rubutu mai asali daga Magrib, tawada da alƙalami na gida. A tsakiyar ƙarni na 20 ma maginan Zariya sun riƙa fito da keke da jirgin sama a jikin bango, gefe da dagi.

Saboda haka tarihin zanen zamani a Nijeriya, yadda ake koyar da shi daga 1958, ya tsallake reshe guda. Binciken da ya dace ya fara daga gidan Sarkin Maginan Zazzau da masu zayyana na Kano, a rubuta sunayensu da silsilar malamansu, tun kafin siminti ya gama cinye sauran bangayen da ke Tudun Wada da cikin birnin Zariya.