Greensboro, Birnin da Aka Kafa Nesa da Kogi

A 1808, da mahukuntan gundumar Guilford a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka suka tashi neman wurin gina sabuwar kotu, ba su tambayi inda ruwa yake ba. Damuwarsu ita ce kada manomin wani gefe ya fi na wani gefe shan tafiya. Sai aka auna tsakiyar gunduma, aka sayi eka 42 a kan dala 98, aka raɗa wa wurin sunan Janar Nathanael Greene, wanda ya gwabza da sojojin Ingila a nan kusa a 1781. An yi adalci kam, sai dai adalcin ya dasa gari a kan tudu, inda ƙoramu ke tasowa tun ba su isa a kira su kogi ba.

Muddin garin ƙauye ne, rijiya ta wadatar. Jirgin ƙasa da ya iso a 1856 ne ya fara sauya lissafi, sannan 'yan'uwan nan biyu, Moses da Ceasar Cone, suka kafa masaƙu, ciki har da White Oak ta 1905 wadda ta yi suna da yadin jins. Rini kuwa, kamar yadda duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata zai faɗa, ba ya yiwuwa da ruwan buta.

Da babu kogin da za a ɗiba, sai aka koma tare ƙoramu a arewacin gari. A 1925 aka datse Reedy Fork aka samu tafkin Brandt, mai sunan wani tsohon magajin gari. Higgins ya biyo baya a 1956, sai Townsend a 1969, wanda ya fi su girma da eka sama da 1,500. Tafkunan nan tulunan gari ne, kuma haka ake tsaron su: a yi fatsa, a tuƙa kwale-kwale, a bi hanyoyin dajin da ke kewaye da su ana kallon tsuntsaye, amma ba a yarda kowa ya shiga iyo ba. An kuma ƙayyade irin ginin da za a yi a filayen da ruwan samansu ke gangarowa ciki.

Duk da haka fari ya tona asirin tsarin. A 2002, bayan shekaru ana ƙarancin ruwan sama, gaɓar tafkunan ta koma busasshen laka, hukuma ta taƙaita ban ruwan ciyawar ƙofar gida, abin da Ba'amurke ba ya wasa da shi. Dole birnin ya riƙa sayen ruwa daga maƙwabta irin su Reidsville da Burlington da Winston-Salem. Madatsar Randleman a kan kogin Deep, wadda majalisar dokokin Amurka ta amince da ita tun 1968, sai a 2010 ruwanta ya shigo famfo.

A 2020 mutanen birnin sun kusa 300,000, kuma abin da ake sa wa ido ya ƙaru. Gwaje-gwaje sun gano sinadaran PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa, a ruwan matatar Mitchell da ke ɗiba daga Brandt, aka bi sawunsu ta ƙoramar Horsepen har zuwa yankin filin jirgin sama, inda aka daɗe ana amfani da kumfar kashe gobara.