Batirin jirgin ruwa

Batirin jirgin ruwa batir ne, galibi mai volt 12, da ke tayar da injin ƙaramin jirgi ko kwale-kwale, ya kuma ba fitilu, rediyo, na'urar GPS da famfon kwashe ruwa wuta.

Nau'o'i

Batirin tayar da inji yana da faranten dalma sirara masu yawa, shi ya sa yake sakin wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu, sannan altaneta ta mayar masa da caji. Ana auna ƙarfinsa da MCA, wato amfiyar da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a 0°C. Batirin kayan aiki kuwa farantensa masu kauri ne, yana ba da wuta a hankali na sa'o'i. Idan na dalma da asid ne, yawan zuƙe fiye da rabin cajinsa yana kashe shi da wuri. Na lithium ya fi jure hakan, sai dai tsada.

Haɗawa

Akan raba batiran biyu da makunni. Idan fitilu da rediyo suka kwana suna jan batir ɗaya tilo, da safe inji ba zai tashi ba, jirgi kuma ba mota ba ne da za a tura. Ba a kashe makunnin inji na aiki, domin hakan na iya ƙona altaneta.

Ana ɗaure batir cikin akwati, a sa fiyus kusa da kansa, a inda iska ke shiga, saboda yayin caji na dalma yana fitar da iskar haidurojin mai saurin kama wuta.