Daga Ƙunshin Dillaliya Zuwa Fuskar Waya: Waiwaye a Kan Tarihin Gwanjo

Gabatarwa

Da wuya a sami gidan talaka a ƙasar nan da za a zazzage adakar tufafinsa ba a tarar da rigar da wani ya taɓa sawa a wata ƙasa ba. Ɗalibin da ke neman ta shiga aji, da uwar da ke neman wa ɗanta rigar sanyi idan hunturu ya kama, da sabon ma'aikacin da albashinsa bai kai ga kanti ba, duk mahaɗarsu ɗaya ce, wato rumfar mai gwanjo. Duk da haka ba a cika ɗaukar wannan sana'a a matsayin abin da ya cancanci nazari ba, wataƙila domin kowa na saye, amma ba kowa ke son a san ya saya ba.

Wannan maƙala za ta bi sawun tufar da aka riga aka sa, tun daga ƙunshin dillaliya, zuwa dilar da ke ƙetaro teku, har zuwa hoton da ake tallatawa a wayar hannu. A kowane zango za mu riƙa tambayar abu guda: wane ne ke fara zaɓa, kuma me ke saura ga wanda ya zo daga baya?

Kafin Zuwan Dila

Ba Bature ne ya koya wa Bahaushe cinikin tsohuwar tufa ba. Ƙasar Hausa ƙasar saƙa da rini ce tun da daɗewa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Kano a shekara ta 1851, ya tarar ana fitar da tufafin garin zuwa Tambutu da Gat da Murzuk, har Tarabulus. Tufar da aka kaɗa zarenta da hannu, aka saƙa da hannu, aka yi mata aiki da allura na tsawon watanni, dukiya ce, ba abin yarwa ba. Ana gadonta, ana jinginar da ita, idan ta koɗe a mai da ita marina a sake rina ta, a kai wa mabuga su fito da ƙyallinta. Sarki ko attajiri kan tuɓe rigarsa ya ba bara ko maroƙi, kuma wanda aka ba irin wannan kwance yakan sa shi da alfahari, domin darajar mai ita tana biye da ita.

Idan kuwa bukata ta taso sai an sayar, akwai dillali a kasuwa, akwai dillaliya a cikin gidaje. Kalmar ta samo asali ne daga Larabci, wato dallal. Dillaliya, wadda galibi dattijuwa ce da kulle bai hau kanta ba, ita ce ke shiga gida gida da ƙunshinta. Matar da haihuwa ko biki ko rashin lafiya ya matsa wa, sai ta zaro zane daga cikin kayan lefenta ta miƙa mata. Dillaliya ta zaga da shi, a taya, ta komo ta faɗi abin da aka taya, in an sallama ta cire la'adarta ta kawo sauran. Babban jarinta shi ne riƙon asiri. Mai saye ba ta san zanen wa ta ɗaura ba, mai sayarwa kuma ba a san ta shiga matsi ba. A wannan tsari tufar ba ta yin nisa, kuma wadda dillaliya ta fara biyawa ta gidanta ita ke fara zaɓa. Sau da yawa maƙwabciya ce.

Yadda Tsumman Turai Ya Zama Haja

A can Turai ma sana'ar tsohuwa ce. Birnin Landan yana da kasuwar Petticoat Lane, Faris kuma tana da kasuwar Temple, inda talakawa ke sayen abin da masu hali suka tuɓe. Wajen shekara ta 1813 wani mutum mai suna Benjamin Law, a garin Batley na Ingila, ya gano hanyar yayyaga tsumman ulu a sake kaɗa shi a saƙa sabon yadi. Daga nan tsumma ya zama abin da masana'antu ke nema, aka kuma sami masu sana'ar tattara shi da rarraba shi daraja daraja.

Mataki na biyu ya zo ne ta hannun ƙungiyoyin agaji. An kafa Salvation Army a Landan a 1865, aka kafa Goodwill a birnin Boston na Amurka a 1902, sa'an nan Oxfam a garin Oxford a 1942. Waɗannan ƙungiyoyi sun saba wa jama'arsu da bayar da tufafin da suka gaji da su sadaka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da tufafin kanti suka yi araha a ƙasashen, sai abin da ake bayarwa ya fi ƙarfin abin da shagunan ƙungiyoyin za su iya sayarwa. Saboda haka sukan tsame na tsamewa su rataye a shagunansu, ragowar kuma su sayar wa kamfanoni a kan kilo. Kamfanonin su ware riguna daban, wanduna daban, na yara daban, su danne da inji, su ɗaure da ƙarfe ko roba, dila ta fito mai nauyin kilo 45 ko 55. Ke nan abin da ya fita daga hannun mai shi da sunan sadaka, yana isowa gaɓar Afirka ne da sunan haja, kuma an riga an yi masa zaɓen farko tun bai hau jirgi ba.

Okirika, Kwatano da Ƙofar Wambai

Sunayen da aka laƙaba wa waɗannan kaya su kansu tarihi ne. A kudancin ƙasar nan ana ce musu okirika, ana danganta sunan da garin Okrika na bakin ruwa, a Jihar Ribas ta yanzu. A Gana ana kiransu obroni wawu, wato Bature ya mutu, domin mutane sun kasa yarda cewa mai rai zai rabu da tufa tana da sauran ƙarfi haka. A Afirka ta Gabas mitumba ake cewa, ma'ana ƙunshi. A Zambiya kuwa salaula, wato tona tsibi ka zaɓa, kuma da wannan suna Karen Tranberg Hansen ta fitar da littafinta a kan sana'ar a shekara ta 2000. Mu kuma muka ce gwanjo, kalmar da muka aro daga Yarbanci, gbanjo, wadda asalin ma'anarta ita ce cinikin da ake yi a bainar jama'a, wanda ya fi tayi ya ɗauka.

Fataken Ibo, musamman mutanen Abiriba, su suka yi fice wajen shigo da dila, garin Aba kuma ya zama cibiya. Da gwamnati ta hana shigo da kayan a cikin shekarun 1970, sana'ar ba ta mutu ba, hanya kawai ta sake. Fataken suka koma Kwatano da Lome, inda doka ba ta hana saukewa ba, daga can kaya su tsallako iyaka ta ɓarauniyar hanya, su watsu zuwa Katangowa da Yaba a Legas, da Ƙofar Wambai a Kano, da sauran kasuwanni har ƙauyuka.

Abin da ya mai da gwanjo tufar kowa da kowa shi ne matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin SAP na 1986. Darajar naira ta faɗi, albashi ya daina kai wata, malamin makaranta da akawun da dā ke ƙyamar rumfar gwanjo suka fara zuwa da almuru. A daidai wannan lokaci kuma masaƙunmu suka soma tangaɗi. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ita ma ta tsai da aiki a 2007. Ba daidai ba ne a ɗora wa gwanjo laifin duka, domin akwai rashin wutar lantarki, da tsufan injuna, da atamfofin Asiya na fasa-ƙwauri. Amma gaskiya ne cewa ƙasar da Barth ya tarar tana tufatar da Sahara ta wayi gari tana jiran abin da wasu suka tuɓe. Ƙasashen da suka yi yunƙurin juya wannan al'amari sun ga abin da ya biyo baya. A 2016 ƙasashen Afirka ta Gabas suka shirya hana shigo da kayan, Amurka ta yi barazanar janye musu rangwamen ciniki na AGOA, sauran suka ja da baya, Ruwanda ta dage, aka dakatar da rangwamen tufafinta a 2018.

Duk wanda ya taɓa halartar fasa dila ya san cinikin biri a sama ne. Ɗan kasuwa ya biya kuɗi bai ga abin da ke ciki ba. Da an yanke ɗaurin, masu shaguna ke fara tsintar na ɗaya, su biya da tsada. Masu rataya a kafaɗa su ɗebi na biyu. Abin da ya rage a zube shi a ƙasa, yaro ya hau kai yana kiran farashi, talaka ya sunkuya yana tonawa.

Gwanjo Ya Hau Intanet

A shekara ta 1995 Pierre Omidyar ya buɗe wani dandali a Amurka mai suna AuctionWeb, wanda daga baya ya koma eBay. Aikinsa shi ne mutum ya sa kayansa, jama'a su yi ta tayi, wanda ya fi ya ɗauka. Wato dai gwanjo a ma'anarsa ta asali. Bayansa aka sami dandalin da suka keɓanta da tufafi. An kafa Vinted a birnin Vilnius na Lituweniya a 2008, bayan da ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Milda Mitkute, ta tashi sauya gida ta rasa yadda za ta yi da tarin tufafinta. ThredUp ya biyo baya a Amurka a 2009, Poshmark da Depop kuma a 2011. Don a gane girman da abin ya yi, a 2021 kamfanin Etsy ya sayi Depop a kan kuɗi sama da dala biliyan 1.6.

Idan aka duba yadda suke aiki, sai a ga dillaliya ce ta dawo da sabon mayafi. A tsarin ThredUp, mace kan cika jaka da tufafinta ta aika, kamfani ya tantance, ya ɗauki hoto, ya sa farashi, in an saya ya cire la'adarsa ya ba ta sauran. A tsarin Vinted kuwa, mai kaya ke ɗaukar hoton da kanta, dandalin ya riƙe kuɗin mai saye har sai kaya sun isa hannunsa. Shaidar da unguwa ke yi wa dillaliya ta koma taurarin da masu saye ke bai wa mai sayarwa. Har riƙon asirin ma yana nan, tun da mutum na iya ɓoyewa a bayan sunan aro.

Sai dai wannan sauƙi da Baturiya ta samu yana da tasiri a Ƙofar Wambai. Rigar kirkin da dā za ta jefa a akwatin sadaka, yanzu tana iya sayar da ita daga ɗakinta. An ƙara matsar da zaɓen farko baya, ya koma hannun mai tufar. A lokaci guda kuma kamfanonin ɗinkin yayi sun cika duniya da tufafi masu araha marasa ƙarko, kuma irinsu ne ke ƙara yawa a cikin dila. Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga kasuwar Kantamanto ta Akara kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari suna ƙarewa a juji. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta Gana ta musanta wannan adadi, ta ce abin bai kai haka ba. Ko wanne ne ya fi kusa da gaskiya, asarar tana kan wanda ya sayi dila ido rufe.

A nan gida ma an sami sabon mai zaɓe. Akwai dandalin Jiji da aka buɗe a 2014, amma mafi yawan cinikin yana gudana ne a Instagram da WhatsApp da TikTok. Matasa, da yawansu ɗalibai mata, sukan yi sammako zuwa wurin fasa dila, su tsince na ɗaya, su wanke, su goge, su ɗauki hoto, su sauya masa suna zuwa na Turanci, thrift, domin kunyar kalmar gwanjo. Mai saye ya tura kuɗi ta banki, a ba ɗan acaɓa ko direban tasha ya kai. Sana'a ce ta halal da ta biya wa mutane da yawa kuɗin makaranta, ta kuma buɗe wa matan aure kasuwa ba tare da sun taka ƙofar gida ba, kamar dai yadda dillaliya ta yi wa kakanninsu. Amma tana da nata cikas. Hoto ba ya nuna ƙarkon yadi, kuma akan tura kuɗi a nemi mai kaya a rasa. Bugu da ƙari, bayan rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma faɗuwar naira daga 2023, dila ta yi tsadar da gwanjon kirki ya fara gagarar wanda dominsa kasuwar ta kafu.

Kammalawa

A zamanin dillaliya, tsakanin mai tuɓewa da mai sawa mutum ɗaya ne, kuma tufar na zuwa da ƙarfinta. A yau mai tufar a Turai ta zaɓa ta sayar a waya, shagon sadaka ya zaɓa, kamfanin ɗaure dila ya zaɓa, mai shago ya zaɓa, mai talla a Instagram ta zaɓa, sa'an nan a zube saura a gaban uwar nan mai neman rigar sanyi. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma ƙasar da ta bar masaƙunta suka mutu ba ta da bakin zaɓen abin da za a aiko mata.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu, mu ɗaliban harshe da adabi. Tsofaffin dillalai mata suna ƙarewa, kalmominsu na ciniki da labaransu suna tafiya da su. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri, ya samu ɗaya daga cikinsu idan ya je hutu gida, ya zauna ya tambaye ta yadda ake taya zane, da yadda ake yanke la'ada, da abin da takan ce idan mai saye ta matsa sai ta san mai kaya. Ya rubuta tun tana da rai.