Me Ya Sa Matashin Kujerar Mota Yake Dungurin Ƙeya?

Wanda ya bar tsohuwar mota ta shekarun 1990 ya koma wadda aka ƙera bayan 2010, musamman cikin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka, yakan tarar da wani canji da dillali ba ya ambata: matashin da ke saman kujera ya karkato gaba, har yana tura kai. Wasu kan zare shi su jefa a but, wasu su juya fuskarsa baya. Masu yin haka gani suke kuskuren maƙera suke gyarawa. Alhali doka ce ta kawo wannan karkata, kuma matsalar da dokar take neman magancewa ta girmi mota.

A shekarar 1866 wani likitan fiɗa na Landan, John Eric Erichsen, ya wallafa littafi kan fasinjojin da ke fita daga haɗarin jirgin ƙasa ba karaya ba jini, amma bayan kwanaki su dawo da ciwon baya, ciwon kai da rashin barci. Kamfanonin jiragen suka riƙa cewa neman diyya ne kawai, zargin da har yau bai rabu da masu irin wannan ciwo ba, domin sau da yawa hoton asibiti ba ya nuna komai. A 1928 likitan ƙashi ɗan Amurka Harold Crowe ya kamanta abin da ke samun wuyan mai mota da kaɗawar bulala, sunan da ya zauna wa raunin a Turanci.

Yadda abin ke faruwa shi ne: idan aka daki mota ta baya, kujera takan ingiza gangar jiki gaba nan take, kai kuwa, da yake yana da nauyi kuma ba abin da ke riƙe shi sai wuya, sai ya makara a baya. Wuyan ya lanƙwashe, kan ya faɗa baya, sannan ya wurgo gaba, duk cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Maganin a fili yake: a sa wani abu a bayan kai da zai tafi da shi tare da jiki. Sai dai dole abin ya kai tsayin kan, kuma ya kasance kusa da shi. Idan ya tsaya a daidai wuya, sai ya zama madogarar da kai zai lanƙwaso a kanta.

Matashin farko ba don wannan aka yi shi ba. A farkon shekarun 1920 Benjamin Katz, mazaunin Oakland a jihar Kalifoniya, ya yi rajistar ƙirar matashin kujerar mota, da nufin matafiyi ya sami inda zai jingina kai. Shekara arba'in abin yana matsayin kayan ƙawa. Sai bayan littafin Ralph Nader na 1965, wanda ya caccaki kamfanonin mota kan sakaci da rayuka, da dokar tsaron ababen hawa ta 1966, hukumomin Amurka suka wajabta shi a kujerun gaba na kowace sabuwar mota daga 1 ga Janairu 1969. Sunan da doka ta ba shi ma ba na hutawa ba ne. Ma'anarsa abin tare kai.

Dokar tana da ɓaraka biyu. Ta buƙaci tsayin milimita 700, amma ana auna shi ne bayan an ɗaga matashin har ƙarshe, kuma ba ta ce komai ba kan tazarar da ke tsakaninsa da ƙeya. Wato ta dogara ga direba ya ɗaga da hannunsa. Direbobi kuwa ba su ɗaga ba. Nazarin da hukumar tsaron hanyoyi ta Amurka ta fitar a 1982 ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na matasan da ake iya ɗagawa a ƙasa aka bar su, shi ya sa suka rage rauni da kashi 10 cikin ɗari kawai, yayin da waɗanda aka haɗe da kujera suka rage da kashi 17. Da cibiyar binciken kamfanonin inshora, IIHS, ta fara auna su a 1995, kashi 3 cikin ɗari ne suka sami shaidar kyau, kashi 82 suka faɗi.

Maƙeran Suwidin sun bi ta wata hanya mai hikima. A 1997 Saab ta fito da matashin da ke matsowa gaba da kansa idan bayan mutum ya danna kujera lokacin karo, a 1998 kuma Volvo ta kawo kujerar da majinginarta ke ɗan ja baya tana shanye ƙarfin dukan. Duka biyun suna barin kai ya sarara a tuƙin yau da kullum, amma suna da tsada.

A watan Disamba 2004 Amurka ta sabunta dokar, ta fara aiki daga Satumba 2009. A kujerun gaba, ko an sauke matashi har ƙasa kada ya gaza milimita 750, tazararsa da kai kuma kada ta wuce milimita 55, kimanin faɗin yatsu uku. Hukuma ta daina jiran direba. Hanya mafi arha ta cika wannan sharaɗi ita ce karkato matashin gaba, kuma ita kamfanoni da yawa suka bi. Daga nan ƙorafi ya ɓarke.

Ƙorafin yana da tushe, bai kamata a raina shi ba. Ana auna tazarar ne da na'ura mai siffar matsakaicin namiji, zaune a kujerar da aka ɗan kishingiɗar. Wanda ya fi son zama a miƙe, kamar yadda gajerun direbobi kan yi don su hango gaba, idan ya tayar da majingina sai matashin ya biyo ta, milimita 55 ɗin nan ta ɓace, haɓa ta nufi ƙirji. Matan Amurka masu ɗaure gashi a ƙeya sun koka sosai. Ƙullin ɗankwali ko naɗin rawani kuwa ba su taɓa shiga lissafin ba. Abin takaicin shi ne mata sun fi maza kamuwa da wannan rauni, amma gunkin gwajin karon baya da ake amfani da shi, BioRID, surar namiji gare shi. Sai a 2022 ƙungiyar Farfesa Astrid Linder ta cibiyar binciken sufuri ta Suwidin ta gabatar da gunki mai surar matsakaiciyar mace, tsayi santimita 162, nauyi kilo 62.

Ga wanda matashi ke damu, gyaran yakan fara ne daga majingina, ba daga matashin ba. Kishingiɗar da ita taki ɗaya ko biyu kan janye shi daga ƙeya ba tare da an buɗe tazara mai yawa ba; daga nan sai a ɗaga shi har samansa ya zo daidai da tsakar kai, a tabbatar ya kulle. Wasu motocin suna da maɓalli na biyu da ke matsar da shi gaba ko baya, wanda masu su da yawa ba su san da shi ba. Juya shi kan mayar da tazarar irin ta motocin 1970, zare shi kuma ya mayar da kujerar ta kafin 1969. Sauya shi da na wata mota daga kasuwar kayan gyara ma ba ƙaramin lamari ba ne: ƙarafansa na iya shiga ramin, amma idan tsagar makullin ba ta dace ba zai iya zamewa ƙasa lokacin karo, kuma a wasu motocin akwai waya ko sandar da ta ratsa cikin kujera, wadda ita ke harbo matashin gaba idan an daki motar.